Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a zangon Bosomtwe

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line da sauran unguwanninmu na Zango a Kumasi.

Alhamdu lillahi, duk yaran da muka fita da su zangon sikawut a bakin tafkin Bosomtwe sun dawo, kowa an danƙa shi a hannun iyayensa. Wanda aka kwantar a asibiti ma an sallame shi, yana gida yana cin tuwonsa. Na san labari ya riga mu shigowa gari, kuma ya shigo da ƙari. Wasu sun ji wai ruwa ya ci yara, wasu sun ji wai itace ya danne tanti da mutane a ciki. Ko ɗaya bai faru ba. Ga yadda aka yi, ga kuma mutanen da suke bin mu bashin godiya.

Wanda bai taɓa zuwa ba, tafkin nan yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, a cikin wani ƙaton rami da masana suka ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi, sama da shekara miliyan 1 da ta wuce. Tuddai ne suka kewaye shi ta ko'ina, hanyar da ta taso daga Kuntanase kuwa gangara ce mai kwane-kwane har bakin ruwa. Shi ya sa idan hadarin farkon damina ya taso, na ƙasa ba ya ganinsa sai ya riga ya haye tudu ya tsaya a kansa. Haka ya yi mana. Mun yi isha'i sama garau, muka yi hirar gindin wuta, yara suka kwanta. Can tsakar dare iska ta sauko. Ta tumɓuke turaku, ta kwashe tantuna biyu, reshe ya karye ya faɗa kan rumfar girki, Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga yaran kansu ce, musamman shugabannin rukuni. A tsarin sikawut ana raba runduna ƙanana-ƙanana, yara 6 zuwa 8, a ɗora ɗaya daga cikinsu a kansu. Tsari ne tsoho, tun zangon farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi da yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 haka ya raba su gida huɗu. Iyaye da yawa sukan tambaye ni amfanin sa ɗan shekara 13 ya shugabanci 'yan uwansa alhali ga manya. A daren nan da aka busa usur, babu babban da zai iya ƙirga yara sama da 40 a duhu, cikin ruwa, tocila na rawa a hannu. Amma kowane shugaban rukuni ya san nasa da murya. Kafin mu gama haɗa kanmu mu manya, sun jera, kowa ya kira sunayen mutanensa ya ce sun cika. Wata yarinya ta ce nata saura ɗaya, ta koma ta zaro ƙanwar rukuninsu daga ƙarƙashin tantin da ya rufta, tana ta sharar barci abinta.

Sai mutanen ƙauyen da muka sauka kusa da su. Ba mu aika musu ba, hasken tocilolinmu suka hango. Samari suka sauko da adduna da tampol, mai kula da cocin garin ya zo da makulli ya buɗe mana, ya ce a shigo da yara. Mata suka kawo zannuwa busassu, suka hura gawayi, wata tsohuwa ta dafa ruwan zafi da citta ta bi yara ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa da Turanci rabi Tuwi rabi wai su sha kada sanyi ya kama su. Da asuba mai cocin da kansa ya share mana barandar makaranta, ya tambaye mu ina ne gabas, ya kawo bokitan ruwan alwala. Da gari ya waye muka je gaida Nana, sarkin garin, da ɗan abin da muka haɗa na kuɗin gawayi da wahala. Ya karɓi gaisuwa ya mayar mana da ambulan. Nana, Maame mai ruwan citta, da duk samarin da ban san sunayensu ba, mun gode. Allah ya kai mu ranar da za ku shigo Zango mu rama.

Wani abu ya ƙara wa wannan karamci nauyi a wurina. A hirar gindin wutar daren, malamin tarihi da ke cikinmu ya ba yara labarin gaisuwar hannun hagu da 'yan sikawut suke yi a duk duniya, wadda ake cewa daga jaruman Asante aka ɗauko ta, don sai wanda ya amince da kai zai ajiye garkuwarsa ya miƙo maka hagu. Bai tsaya a wajen mai daɗin ba. Ya gaya musu cewa shi Baden-Powell ba yawon buɗe ido ya kawo shi Kumasi a 1896 ba, hafsa ne a rundunar Ingila da ta kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, wanda daga baya aka kai shi tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924, kuma a cikin wannan runduna har da sojojin da ake kira Hausa. Dattawa biyu na ƙauyen suna zaune tare da mu suna ji. Masta, na gode da ba ka shafa wa labarin mai ba. Yaranmu a ƙasar Asante aka haife su, gara su ji shi a bakinmu yadda yake.

Yanzu maganar yaron da ya yi rashin lafiya. Yana da asma, sanyin da jiƙewar suka tayar masa da ita. A nan dole in yaba wa mahaifiyarsa a bainar jama'a. Lokacin cike takardar izini ta rubuta ciwonsa ɓaro-ɓaro, ta kawo maganin shaƙarsa da katin inshorar lafiyarsa, ta zaunar da ma'aikaciyar jinyarmu ta faɗa mata abin da ke tayar masa da shi. Saboda haka da numfashinsa ya fara sarƙewa ba a tsaya lalube ba. Iyaye da dama suna ɓoye sikila, asma ko farfaɗiya don tsoron kada a ce ɗansu ba zai je ba, ko don kada maƙwabta su ji. Ba ma hana yaro tafiya saboda ciwo, kuma takardar ba ta wuce hannun mutum biyu. Mma, Allah ya saka miki da alheri.

Ma'aikaciyar jinyar nan hutunta na aiki ta ɗauka ta biyo mu, ba wanda ya biya ta ko sisi. Ita ta riƙe akwatin magungunan yara duka a cikin roba mai murfi, shi ya sa ruwa bai taɓa su ba, ita ce kuma ta dubi yaron ta ce maganin shaƙa bai isa ba, a hau da shi yanzu. Direban trotro ɗinmu, wanda tun farko ya yafe rabin kuɗin mota, ya tayar da ita ya hau wannan tudu a cikin ruwa da santsi, wani saurayin ƙauyen a gefensa yana nuna masa inda itace ya faɗi. Baba direba, ranar kam ka tuƙa mota. Ma'aikatan dare na asibitin da suka karɓe shi ba tare da ja-in-ja ba, mun gode.

Sai abokan aikina, manyan da ke jagorantar rundunar nan, kuma a nan zan ɗan daɗe, don mutane suna ganinmu da kaki da ƙyallen wuya ranar faretin 6 ga Maris na bikin 'yancin kan Ghana su ɗauka wani albashi ake ba mu. Babu. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa a Magazin ta Suame. A cikinmu akwai mai walda, malamar firamare, malamin makarantar allo, da ɗalibi a jami'ar KNUST da yakan sauka daga aji ya zo da littafinsa a jaka. Kakin da kuɗinmu muka ɗinka, kwas ɗin horon shugabanni da kuɗinmu muke zuwa. 'Yan ƙwayoyin itacen nan da kuke gani rataye a wuyan babbanmu, alama ce ta horon da aka fara bayarwa a Gilwell Park a 1919, kuma ba a samunta sai an yi karatu an yi aiki a fili an duba mutum.

Zangon sikawut shi ne abin da ake gani, amma shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban shi ne Asabar bayan Asabar a filin makaranta, ana koya wa yaro ɗaurin igiya, karanta taswira da kamfas, yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma. Shi ne bin gida-gida ana roƙon uba ya sa hannu, da sayen takalmi a ɓoye ga yaron da ya daina zuwa don kunyar silifa. Shi ne kuma ƙa'idojin kare yara da ƙungiyar sikawut ta duniya ta wajabta, waɗanda ba ma sassautawa ko ga wanda muka fi yarda da shi: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana a tantin yara, mata ne ke kula da 'yan mata. Ko a cikin cocin nan da kowa ya jiƙe yana rawar sanyi, malamarmu ta ja benci ta raba ɓangaren mata da na maza, ta zauna a bakin ƙofa har gari ya waye. Mai waldanmu kuma tare da malamin allo suka kwana a ruwa suna tattara kayan yara. Ba ni da abin biyanku, 'yan uwa. Allah ya biya ku, ya yi wa matanku da mazajenku albarka, don su ne suke haƙura da rashinku kowane ƙarshen mako.

Iyaye, ku ma mun gode, don ɗa ba abin aro ba ne, kuka ba mu amanarsa. Na tuna lokacin da muka fara, ana cewa sikawut abin 'yan mishan ne, wasu su ce shirin kai yara soja ne. Ƙungiyar ta kafu a ƙasar nan tun 1912, amma a unguwanninmu da yawa ba su san ta ba sai daga nesa. Wanda ya warware mana wannan ƙulli wani dattijo ne a masallacin unguwa, da ya miƙe ya ce shi da ya ɓata a Mina lokacin aikin hajji, yara masu irin wannan ƙyallen wuya ne suka duba katinsa suka kai shi har tantinsu. Gaskiya ya faɗa, 'yan sikawut na Saudiyya suna wannan hidima duk shekara, kuma ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indunusiya. Alhaji, maganarka ta ranar ta fi duk bayanin da muka yi ta yi. Liman da ya ba mu dama bayan sallar Juma'a, Allah ya ƙara girma.

Hajiya mai waakye da ta ba mu buhun shinkafa da tukwanenta, mai koko da ƙosai da ta tashi tun kafin asuba ta sallami yara ranar tafiya, mahauta da suka haɗa mana nama, telan da ya ɗinka ƙyallen sababbin shiga kyauta, abokaina na Magazin, da duk wanda ya turo nasa ta MoMo, sidi 5 ne ko 500, Allah ya mayar muku da ninkinsa. An rubuta komai, za a karanta a gaban kowa.

Masu tura saƙon murya a WhatsApp kuwa, ina roƙonku da girman Allah. Wata uwa da hawan jini ta kama hanyar Kuntanase da sassafe tana kuka, saboda wani ya ce an ce. Lambobinmu suna hannun kowane uba da kowace uwa, kira ɗaya ya isa.

Ga buƙatarmu. Muna da yara da ke jiran shiga, mun kasa ɗaukarsu, ba don rashin fili ko tanti ba, don rashin manya. Samarinmu da ke zaune a bes ana shan ataya ana musun ƙwallon Kotoko da Hearts, a cikinku akwai masu hannu da haƙurin da yaran nan ke nema. Ba sai ka taɓa yin sikawut ba, za a horar da kai, amma za mu tambayi limaminka da mai unguwarka halinka kafin mu bar ka kusa da ɗan kowa. Mata muka fi buƙata, don 'yan matan da iyayensu suka yarda sun fi ƙarfin malama biyu.

Taron iyaye ranar Asabar mai zuwa ne bayan la'asar, a inda muka saba. Za a karanta lissafin kuɗi, a yi maganar gyaran tantunan da suka yage, a kuma tsayar da ranar da wakilanmu za su koma ƙauyen da goro su yi godiya yadda ta dace. Akwai buhu guda na kayan da ba a san masu su ba, silifa wari-wari, hijabai, kofuna da Alƙur'ani ƙarami mai koren bango. Hajiya, tukwanenki suna shagona an wanke su, murfin babbar ne ya lotse, mai waldanmu ya ce zai daidaita shi kafin Alhamis.

Wassalamu alaikum.