Inda Asuwaki Ke Shan Gishiri

Da sanyin hunturu muka bar Damagaram muka yi gabas, mota maƙil da buhunan gero, mu kuma a samansu. Muka wuce Gure, muka sauka Gudumariya da la'asar. Daga nan sai amalanken shanu, domin inda za ni babu kwalta. Ƙanen mahaifina ne ya aike ni in samo masa saiwar asuwaki, irin mai yajin nan da ya ce ba a samu a kasuwarmu.

Ƙasar Mangawa yashi ce, tudu bayan tudu, har ido ya gaji. Kwatsam sai ƙasa ta lotsa, ka hango kwari kore shar kamar an ajiye akushi. A baki goruba ce ta kewaye, ciki kaɗan dabino, sai lambunan rogo da dankali da albasa. Can tsakiya kuma fari fat, kanwa ce kwance, ko ciyawar kirki babu.

Dattijon da ya sauke ni ya kai ni lambunsa da safe. Na duƙa na ɗebo ƙasar, ɓawon samanta ya farfashe a hannuna. Na ɗan lasa, ya yi dariya.

"Ɗana, ka ji ta?"

"Na ji ta, Baba."

Ya ce ruwa a nan kusa yake, taƙi kaɗan za ka haƙa ka iske shi. Rana ce ke jawo shi sama, ya bushe, ya bar gishirin a fuskar ƙasa. Shi ya sa ba ya shuka a kan tsinin kunya, inda farin ke taruwa. A gefenta yake sa iri, ya zuba takin awaki, ya rufe da busasshiyar kaba. In zai yi ban ruwa kuma sai ya malala sosai, don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. Yayyafi ba ya yin komai sai ƙara kirawo shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya yana jayayya da kanwar ba. Kowane ice ya ba shi wurin da zai iya. Lalle da zogale suna can sama inda ƙasa ke da sauƙi, zogalen ma ganyensa ya ɗan ƙone a baki. Bagaruwa, wadda ake dafa 'ya'yanta don gudawa da ciwon dasashi, ta matso ƙasa. Tumfafiya kuwa babu wanda ya shuka ta, ita ta gayyaci kanta, ya dai gargaɗe ni kada ruwanta ya taɓa mini ido. Asuwaki ne ya fi kowa kusantar farin, ganyensa mai kauri, kore kamar ba ruwansa. A da, a yankin Tafkin Cadi har ƙona shi ake yi a tace tokar a fitar da gishiri.

Kukan dattijon ɗaya, yashi. Tun farin 1973 da na 1984 tudu ke gangarowa yana binne goruba, sai shingen kaba suke kafawa su tare shi.

Ya tono mini saiwa mai kaurin yatsa, ya kankare bakinta da wuƙa. Na tauna, yaji ya hau mini hanci har na yi atishawa. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya ƙara mini da dunƙulen mangul guda, ya ce in kai wa tsohon.