Wata tara ina neman ɗa namiji

'Ya'yana uku, duk mata. Ranar sunan ta ukun, a gidanmu na Mabera, gwaggon maigidana ta karɓi jinjirar ta ce, "Allah shi raya, Allah shi kawo mata ƙane namiji." Kowa ya ce amin. Ni kuwa maganar ta zauna mini a rai har na yi yaye.

Daga nan na shiga nema. Maƙwabciyata ta ce in yawaita gishiri da ayaba, in bar nono. Ni da fura ba ta wuce ni, ga zafin Sakkwato, haka na haƙura da ita wata tara. A waya kuma na ci karo da dabarar Shettles, wani likitan Amurka da tun shekarun 1960 yake cewa ƙwayar maniyyi mai kawo namiji ta fi gudu amma ba ta jimawa, don haka a kusanci miji daidai ranar da ƙwai ya sauka. Na ɗauki littafin makarantar Hafsa ina ƙirga kwanaki daga farkon al'adata, rana ta 14 in zagaye ta da jan biro. Sauran ranakun sai in ce wa Baban Hafsa ba ni jin daɗi. Wannan ƙaryar har yau tana cin raina, don bawan Allahn nan bai taɓa buɗe baki ya ce namiji yake so ba.

Abin da na tsinta ciwon kai ne da jiri. Da aka auna ni a asibiti, jinina ya hau. Likitar ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Hajiya, ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi. X mai kawo mace ko Y mai kawo namiji daga wajen maigida yake zuwa, shi ma ba shi ke zaɓa ba." Ta ce an bincika maganar ƙirga ranaku a Amurka a 1995, ba a ga ta canza komai ba. Ta kuma hana ni tsarki da ruwan kanwa da nake shirin farawa, ta ce ciwo kawai yake jawowa.

A daren na buɗe Suratus Shura, aya ta 49. Na sha karanta ta, amma ban taɓa lura cewa mata aka fara ambata kafin maza ba. Na yi kuka sosai, washegari na faɗa wa Baban Hafsa komai.

Yanzu cikina wata shida. Wajen hoton ciki an tambaye ni ko a faɗa mini, na ce a duba mini lafiyarsa kawai.