Asabar: ceto fayiloli daga faifan wata tsohuwar 486

Aikin yau wata tsohuwar kwamfutar gida ce, 486 (sunan firosesarta ke nan) mai tsarin aiki na MS-DOS 6.22, faifan ajiyarta mai mahaɗin IDE ne, megabait 420. Ta kawuna ce, kuma takardun da ya buga shekaru da dama da manhajar rubutu ta WordPerfect suna ciki. Bayanin da ya yi shi ne an ɗauke wuta yana cikin aiki, tun daga nan aka ture ta gefe. An kunna ta kwanan nan, ta ƙi tashi.

Da BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin, na fara, kafin faifan. Agogonta ya koma 1980, alamar batirin CMOS, mai riƙe saitin BIOS, ya mutu ke nan, kuma idan ya mutu lissafin faifai yana tafiya da shi: yawan silinda, kawunan karatu da sektocin kowane layi, wato lambobin da ake gane wuri da su a faifan. Wani ya riga ya shigar da lambobi na kirdado a nau'i na 47, gurbin da ake shigar da lissafin faifai da hannu. Wannan kaɗai yana sa lafiyayyen faifai ya yi kama da wanda ya lalace, domin sekta (ƙaramin yankin ajiya) ta farko tana karantuwa daidai ko da lambobin karkatattu ne, amma duk abin da ke bayanta sai a nemo shi a inda ba ya nan. Na kwafi lambobin da ke jikin takardar faifan, na tayar da injin da filofi. C:, wato faifan, ta bayyana. Sai dai folda guda sunayen cikinta sun zama tarkace, wasu fayiloli kuma suna yankewa a tsakiya. Akwai ɓarna ta gaske ke nan.

A nan ne hannu yake ƙaiƙayin buga SCANDISK ko CHKDSK /F. Ban yarda a yi haka a kan faifan asali ba, ko kusa. Waɗannan manhajoji suna gyara ne ta hanyar rubutu, abin da suka yanke kuma ba ya dawowa. Kwafi tukuna.

Bayan azahar na cire faifan. Adaftar USB da na samo a Titin Beirut ta ƙi ganinsa, kuma hakan yakan faru da tsofaffin faifai, musamman waɗanda ba su san LBA ba, wato tsarin ƙirga sektoci a jere. Sai na jona shi a wata Pentium III mai kebul ɗin IDE na fil 40, shi kaɗai a layi na biyu, na tayar da Linux, injin yana kan inbata don kada wuta ta sake yin ta'adi. Da manhajar GNU ddrescue na ɗauki hotonsa, wato kwafin faifan sekta-sekta a fayil ɗaya. Zagayen farko da -d -n, ya kwashe wuraren da ke da lafiya ba tare da nacewa a kan masu ciwo ba. Na biyu da -r3, ya koma kan waɗanda suka ƙi. Kada a manta da fayil ɗin taswira, shi ke tuna inda aka tsaya idan aikin ya katse. Na ajiye fanka tana hura faifan, saboda zafin garin nan ba ya yi wa tsohon inji daɗi. 'Yan sektoci ne suka gagara, amma ɗaya ta faɗa cikin teburin FAT na farko, mai nuna inda kowane fayil yake.

Ga dalilin da ya sa sekta ɗaya ta yi wannan ɓarnar. A FAT16, faifai mai wannan girman ana yanka shi gungu-gungu na kilobait 8. Kowane gungu yana da gurbi na bait 2 a teburin, gurbin ne ke nuna gungun da ke bi masa. Sekta mai bait 512 tana ɗauke da gurabe 256, wato sarƙar bayanai na megabait 2 ta rataya a kanta. Akwai kuma tarko: inda ddrescue ya kasa karantawa, sifili ne ke zama a hoton, sifili kuwa a teburin FAT yana nufin gungun fanko ne. Manhajar gyara za ta iya ɗaukar wurin a matsayin wanda ba kowa.

Sa'ar ita ce DOS yana ajiye teburin kwafi biyu. Na sake kwafe hoton, na yi aiki a kan sabon kwafin. Ɓangaren C: ya fara a sekta ta 63, wato bait 32,256 daga farko. Da fsck.fat -n, manhajar Linux mai binciken FAT, na duba ba tare da rubutu ba, ya nuna teburan sun saɓa. Na sa ya yi amfani da teburi na biyu, fayilolin da ke yankewa suka dawo cikakku.

Foldar da ta zama tarkace ba ta da kwafi, kuma ina ganin ɗaukewar wutar ce ta cinye ta. SMARTDRV, manhajar DOS mai ƙara saurin faifai, yana riƙe abin da za a rubuta a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ya sauke shi, idan wuta ta tafi a wannan tsakanin sai rubutun ya tsaya rabi. Da -f na sa fsck.fat ya tattaro sarƙoƙin da suka rasa suna, suka fito a matsayin FSCK0000.REC da 'yan uwansa. Daga baitocin farko ake gane su: takardar WordPerfect tana farawa da FF 57 50 43, manhaja kuwa da haruffan MZ. Sunaye sun tafi, rubutun yana nan. Kawu zai zauna ya karanta su ya raɗa musu suna, shi ya san abinsa.

Tsohon faifan ba zai koma bakin aiki ba. Katin ajiya na CompactFlash da adaftar IDE zan sa, mai megabait 256, domin BIOS irin wannan ba ta wuce silinda 1,024, kimanin megabait 504. FDISK, sannan FORMAT C: /S, sannan a kwashe fayilolin, a kuma ƙara /X a layin SMARTDRV don ya daina jinkirta rubutu.

Saura batirin. Irin mai siffar ganga ne, har ya fara zubo da kore a kan madabod. Na cire shi, na goge wurin da ruwan binega sannan da sifirit. Gobe zan sa batirin CR2032, amma da dayod a tsakani don ya hana wuta komawa cikinsa, tunda allon yana cajin batirinsa, wannan kuwa ba a cajinsa.