Masu awon ruwan da ya riga ya wuce

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Tawa, mu huɗu ne har da direba. In aka tambaye ni sana'ata a wurin biki ko suna, nakan ce awon ruwa, sai mutum ya ɗauka rijiya nake haƙawa ko famfo nake gyarawa. Ba ko ɗaya. Mu ake kira kafin a gina gada, ko dalo (ƙaramar gadar siminti da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta), ko radiye (shimfiɗar siminti da ruwa ke bi ta kanta), ko ɗan baraj na tare ruwa, mu faɗi yawan ruwan da kwari zai kawo ranar da ya fi hauka. A bakin ma'aikata sunansa debi, wato mita kib nawa ke wucewa cikin sakan ɗaya. Mita kib guda lita 1000 ce, tano biyar ke nan.

Wahalar aikin ita ce duk ranar da muka je, ruwan ba ya nan. Wanda ya san ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza, Badagishiri har gangaren Magiya, ya san halin kwarurrukanmu: wata tara yashi ne tsura, jakuna na tafiya a ciki, yara na ƙwallo. Galibin shekaru ruwan da Tawa ke samu bai wuce milimita 300 zuwa 400 ba, amma ba a hankali yake zuwa ba. Hadari ɗaya na Agusta kan sauke kaso mai tsoka cikin awa guda, a kan dutse da fako waɗanda ba sa shan ruwa. Sai ya gangaro gaba ɗaya. Mutanen ƙauye kan ji rugugin kan ruwa tun bai iso ba, wani lokaci ma ko ɗigo bai faɗi a garinsu ba. Kafin gari ya waye ya wuce, galibi cikin dare, ba wanda ya auna shi. Mu kuwa sai bayan sati biyu ko wata uku mu iso da sandar awo, kamar masu bin sawun ɓarawo.

Hanya biyu muke bi, kuma ba na sa hannu a takarda sai na bi dukansu.

Ta farko ta tebur ce. A kan taswira ko hoton Google Earth muke zagaye duk ƙasar da ruwanta ke zubowa cikin kwarin, mu san faɗinta, gangarenta, da irin ƙasarta: jigawa ce mai shanye ruwa ko fako. Sai mu ɗauko lissafin da Rodier da Auvray na ORSTOM, cibiyar bincike ta Faransa, suka fitar a 1965 domin ƙananan kwarurrukan Afirka ta Yamma da ba su kai murabba'in kilomita 200 ba, mu gwada shi da na CIEH, tsohuwar hukumar nazarin ruwa ta ƙasashen Afirka a Wagadugu, wanda ya biyo baya. FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta haɗa su cikin littafi guda a 1996, kuma har yau da wuya ka shiga ofishi irin namu ba ka tarar da kwafinsa ya sha hannu ba. Ga misalin wani kwari da muka yi wa aiki. Ƙasarsa murabba'in kilomita 25. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya mita kib 1000 ce, don haka ruwan milimita 60 ya ba da miliyan ɗaya da rabi. In rabi ya gudu, rabi ƙasa ta sha, saura 750,000. In ya wuce cikin awa uku, kusan mita kib 70 ke nan a sakan. Amma ruwa ba ya tafiya daidai wa daida, yakan taso ya kai ƙololuwa sannan ya sauka, shi ya sa ake ninkawa da 2.6. Muka tashi da wajen 180.

Lissafi ne mai kyau, ina girmama waɗanda suka kwana a bakin kwari suka tara shi. Sai dai ƙasar da suka auna ba ita ce ta yau ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 itatuwa sun mutu, ciyawa ta tafi, ƙasa ta yi ɓawo. Masana sun daɗe da lura cewa a Sahel ruwan sama ya ragu amma wanda ke gudu cikin kwari ya ƙaru. A wani gefen kuma, inda furojen Keita ya yi aiki tun 1984, an jera duwatsu, an dasa itace, an datse kwarurruka, sai gudun ruwan ya canza ta ɗaya hannun. Littafi bai san wane tudu aka gyara ba, bai san wanda aka aske ba. Sai ƙafa ta taka.

Hanya ta biyu ita ce nake so, ita ce kuma ke cinye mana man mota. Mukan fara da gidan maigari, a gaisa, a sha ruwa, sannan in nemi a haɗa ni da dattijon da gonarsa ke bakin kwari. Ba na tambayarsa mita nawa. Cewa nake: "Baba, tun tasowarka, wace shekara ce ruwan nan ya fi ba ku tsoro, kuma ina ya tsaya?" A wancan kwarin, tsohon bai ce komai ba, ya ɗauki sandarsa muka bi shi. Ya wuce wata sabara da tarkacen kara ya maƙale mata a sama, yaron aikina har ya fara kafa sandar awo a gindinta. Tsohon ya ce, "Ɗana, bar wannan, ƙarya take yi. Ruwa kwantar da ita yake, in ya wuce ta miƙe da kayanta a ka." Ya kai mu gindin wani gawo, ya ɗora yatsa a kan wani tabo inda dutse ya daki ɓawon, sannan ya nuna mana bangon wani tsohon ɗakin injin ban-ruwa. A ciki, inda igiyar ruwa ba ta kaɗawa, laka ta ja layi siriri miƙaƙƙe kamar da alli, da ƙaiƙayi da kashin awaki manne a jikinsa. Irin wannan layin ya fi mini duk wata na'ura da ke cikin mota.

Alama ɗaya ba ta isa. Mukan nemi wuri miƙaƙƙe, domin a kan kwana ruwa yakan hau gefen waje ya bar na ciki a ƙasa, mu bi gaɓa biyu muna tara alamu cikin tsawon mita ɗari biyu ko uku. Da nibo, na'urar awon tudu da gangare, muke ɗaukar tsayinsu, daga nan mu san gangaren saman ruwan ranar da ya cika. Sai mu yanka kwarin a wuri uku mu auna faɗi da zurfi. Can mun samu faɗi mita 30, zurfi kusan 1.8, wato murabba'in mita 54, gangare kuwa mita 8 a kilomita. Saura gudu, shi kuma lissafin Manning da Strickler ke ba da shi. A cikinsa akwai lamba ɗaya da ake kira K, mai nuna santsi ko kaushin cikin kwarin, kuma ba na'urar da ke auna ta. Ido ne da gogewa. In na sa 25, ruwan na gudun mita 3 a sakan, debi ya kama 165. In na sa 30, ya kusa 200. Kwari ɗaya, alama ɗaya, bambancin mita kib talatin da wani abu ya fito daga ra'ayina kawai. Ga kuma yashi: lokacin da ruwa ke kan ganiyarsa yakan kwashe ƙasan kwarin ya zurfafa, in ya fara janyewa ya mayar. Abin da muke aunawa da rani ba lalle ne shi ne zurfin daren ba. Shi ya sa nakan sa a haƙa rami a tsakiya mu ga inda sabon yashi ya ƙare.

Tebur ya ce 180, kwari ya ce tsakanin 165 da 200. Ranar na yi barci. Ba kullum suke haɗuwa haka ba, akwai inda ɗaya ke ninka ɗaya, sai a koma.

Na koyi komawar ne da tsada. Farkon buɗe ofishi, wani ɗan kwangila ya matsa mini, ya ce takarda yake so cikin kwana huɗu. Ban je wurin ba, na yi lissafin tebur na ba shi. Ashe sama da wurin akwai wani ƙaramin kwari da ya fasa gaɓarsa ya haɗe da namu, taswirar kuwa ta girmi wannan fashewar. Damina ta biyu ruwa ya zagaye dalon, ya cinye hanyar ta gefe guda, ya bar simintin tsaye shi kaɗai a tsakiyar yashi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma motocin albasa sun yi kwanaki suna jira, kuma duk wanda ya wuce sai ya tambayi wane injiniya ne. Ni ne.

Abin da ya fi awon wuya shi ne zama da mai kuɗin. Lamba ɗaya yake so, ƙarama kuma, domin kowace mita da aka ƙara wa bakin gada siminti ne da ƙarfe. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Injiniya, kai ka ce ruwan shekara goma ne. An yi shi bara, ashe muna da sauran tara." Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya riƙe kalanda." Ma'anar kalmar ita ce kowace damina akwai kaso ɗaya cikin goma ya zo, ko an yi shi bara ko ba a yi ba. In ka tara shekara goma, yiwuwar ya zo aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 65 cikin ɗari. Kuma akwai wanda ya fi shi. Ranar 1 ga Satumba 2009 Wagadugu ta sha sama da milimita 260 cikin yini guda, a makon nan kuma ruwan duwatsun Abzin ya afka wa Agadas. Saboda haka a kwari mai faɗi da yashi nakan ba da shawarar radiye maimakon dalo: ruwa ya bi ta kansa, matafiya su jira awa biyu ko uku, hanya ta tsira. Masu siyasa ba sa son sa, ba ya kyau a hoto.

Kuɗin aikin ba ya zuwa da wuri, wani sai an gama ginin ma ake tuna mu. Da rani muke yawo, da damina muke addu'a, wayata a kunne duk daren da hadari ya haɗu ta gabas. Bana na fara wani abu da aljihuna: duk kwarin da muka yi wa aiki, mukan shafa fenti a jikin dutse ko ƙafar gada, layi-layi kowane santimita 20, mu bar wa wani malamin makaranta ko mai gona lambar waya. In ruwa ya zo, ya ɗauko mana hoto ko ɗan bidiyo daga tudu, kada ya kusanci gaɓa. In an ga kara ko reshe na tafiya tsakanin alamu biyu da muka san nisansu, muna iya ƙirga gudun saman ruwan, mu rage kusan kashi ɗaya cikin biyar domin na ƙasa bai kai shi sauri ba. Bidiyo uku muka samu zuwa yanzu. Biyu cikin duhu aka ɗauka, ba a ganin komai sai ƙara da muryar mai salati.