Abin da na koyo a bajekolin masu kutse a Ngaundere

Mai shagon kwamfuta a Garwa ta ƙasar Kamaru ya fi mai unguwa sanin sirrin mutane. Mu ne muke buɗe musu imel, mu cike musu takardun neman aiki, mu mayar musu da WhatsApp idan sun sayi sabuwar waya. Aikin ya zame mana jiki har ba ma kallonsa a matsayin amana, sai dai a matsayin abin da ake biyan 'yan kuɗi a wuce.

Wani abokina da muka yi makarantar allo tare a Yelwa, yanzu yana karatu a Jami'ar Ngaundere, ya daɗe yana yi mini gorin ba na zumunci. Da ya ce ɗalibai za su yi bajekolin kwamfuta da gasar kutse ranar Asabar, sai na rufe shago bayan sallar Juma'a na hau mota. Kafin mu gama hawan tsaunin nan na hanya, zafin Garwa ya sake ni, a ɗakinsa na Dang kuwa sai da na nemi bargo.

Ita kanta gasar, gaskiya ba abin kallo ba ce. Ana ba kowace ƙungiya wata na'ura da aka gina da gangan da ɓaraka a cikinta, an ɓoye wasu haruffa, wanda ya riga tono su shi ya ci. Irin wannan gasa ta yi suna a taron DEF CON da ake yi a Las Vegas ta Amurka, taron da aka fara a 1993. Wanda ya saba ganin masu kutse a fim zai sha mamaki: yara ne zaune shiru, suna karanta dogon rubutu, suna gwadawa, ta ƙi, su sake. Abin da na lura shi ne, waɗanda suka yi gaba su ne masu rubuta duk abin da suka gwada a littafi. Masu saurin hannu sai su yi ta maimaita abu guda ba su sani ba.

Inda na daɗe a tsaye shi ne teburin wata ɗaliba da ba ta ma kunna kwamfutarta ba. Allo kawai ta ajiye da alli. Ta ce lambar sirri mai lamba huɗu tana da fuska 10,000, daga 0000 zuwa 9999, amma da zarar mutum ya zaɓi shekarar haihuwarsa, ɓarawo bai da abin gwadawa da ya kai 100. Idan kuma katin shaidarka yana cikin jakar da aka sace tare da wayar, ai magana ta ƙare. Daga nan ta shiga zancen lambobi shida da WhatsApp ke turowa: wani zai kira ka da muryar ladabi, ya ce an tura maka lambarsa bisa kuskure, ka karanto masa, kafin ka ajiye waya ya kwashe asusunka ya fara roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Haka ma saƙon ƙarya da ake shirya shi ya yi kama da na Orange Money ko MTN Mobile Money, a ce an turo maka kuɗi ba da niyya ba, don Allah ka mayar. Duk cikin waɗannan babu inda aka fasa wata na'ura. Mutum aka yi wa magana ya buɗe da hannunsa.

Da dare, muna cin kilishi da shayi, muka yi musu da abokina a kan abin da ke sa ake damfarar mutane haka. Shi a ganinsa sakaci ne da jahilci. Na ce masa, "Malam, kai a aji kake ganin abin, ni a bakin tebur nake ganinsa." Dattijon da zai miƙo waya ya ce, "Ɗana, zaɓa mini lambar da kanka, ni ba zan riƙe ba," ya san kan cinikin shanu fiye da mu duka, kuma ba a taɓa cutarsa a kara ba. Matsalar ita ce gargaɗin da ke cewa kada ka ba kowa wannan lamba da Faransanci ko Turanci yake zuwa. Dole ya nemi wanda zai karanta masa, wanda ya karanta kuwa ya ga lambar. Bayanin da aka yi a bajekolin ma duk da Faransanci aka yi shi, alhali waɗanda ake damfara a kasuwa Hausa da Fulatanci suke ji. Abokina bai yarda gaba ɗaya ba, amma ya ce zai kai maganar ga masu shirya taron.

Wani malami ya ja wa ɗaliban kunne a kan doka. Kamaru tana da doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 a kan tsaron intanet da laifuffukansa, akwai kuma hukumar ANTIC da ke sa ido a wannan fage. Shiga na'urar wani ba izini laifi ne ko da ba ka ɗauki komai ba. Wannan ya shafe mu masu gyara kai tsaye, don sau da yawa akan kawo mana waya a kulle a ce ta ƙanena ce, ko miji ya zo yana so a buɗe masa ta matarsa. Yanzu amsata ɗaya ce: a zo da mai wayar.

Sai maganar tsofaffin na'urori. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta da ake kira WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai saka ba ne. Mu nan kwamfutocin gwanjo muke saye, da yawa har yau Windows 7 ke kansu, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Ga filash da ke yawo daga wannan shago zuwa wancan, yana kwasar cuta kamar kofin randa. Sabunta manhaja kuma yana cin data, shi ya sa kowa ke kashe shi.

Ranar Lahadi kafin in kama hanya, abokina ya zuba mini Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filash. Na ɗora shi a kan kwamfuta ɗaya, ita kaɗai ake buɗe imel da harkar kuɗi a kanta, kuma ba a soka mata filash ɗin kowa. Tsohuwar firintata dai ta ƙi jituwa da shi, don haka aikin buga takardu yana nan a kan tsohuwar Windows, wadda na cire wa intanet gaba ɗaya.