Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Akwatin Baffa

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya cire ni daga wajen ɗinki ya zaunar da ni a shagonsa na kaset a kasuwar Wunti da ke Bauchi. Yaran gidanmu sun dame ni wai in faɗa musu waƙoƙin da za su nema su saurara. To amsar nan ba za ta fito ba sai na bi ta kan akwatin Baffa, ko da kuwa akwai wanda ransa zai ɓaci a cikin dangi.

Aikina a shagon shi ne ɗauka. Rikoda ce mai baki biyu, uwar kaset a hagu, fanko a dama. In zare ya tsinke sai in daidaita bakinsa da reza, in ɗiga jan farce, in naɗe da biro. Uwayen kuwa ba a shago suke kwana ba. Suna cikin koren akwatin ƙarfen da Goggo ta zo da shi gidan aure, makullin a aljihun Baffa. Kullum in mai saye ya tambaye shi wa ya fi wa, sai ya ce, “Mawaƙi shi ne wanda ya haifi maganarsa, saura duk 'yan raino ne.” Da wannan ma'aunin na tashi, da shi nake awo har gobe.

Ku fara da Bakandamiyar Shata. Amma kada ku ji guda ɗaya ku ce kun ji, domin ɗauka daban-daban ce, ya rera ta a wurare da lokuta mabambanta, kowace da abin da ya ƙara ko ya rage. Baffa yana da su a jere, ya rubuta wa kowace alama da jan biro a bayan kwali. Ku kasa kunne ga yadda yake sakin magana a kan kalangu, 'yan amshi na riƙe da gindin waƙar, shi kuma yana yawo inda ya ga dama ya dawo bai ɓata ba. Ranar da labarin rasuwarsa ya zo, a watan Yunin 1999, Baffa ya ce, “Ɗan nan, ja ƙofar nan.” Ko azahar ba a yi ba muka rufe. Ban taɓa ganin ya rufe shago don mutuwar wanda ba dangi ba sai ranar.

Wannan jerin mai jan biro yana cikin abin da Yaya, ɗan Baffa, ya sayar. Zan zo wurin.

Sai Ɗan Maraya Jos. Shi ne Baffa ya fi kafa hujja da shi, saboda ba makaɗa, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ba inda mutum zai ɓuya a irin wannan waƙa. Ku nemi Karen Mota. Yaran mota na hanyar Jos su ne suka fi sayenta a wurinmu, wani zai shigo hannu duk baƙin mai, ya ce in sa masa tukuna, ya tsaya ya ji har ƙarshe yana murmushi shi kaɗai, sannan ya biya. An yi wa sarakuna da attajirai waƙa tun kaka da kakanni, shi kuwa ga wanda ya duba shi. Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, a 2015 ya rasu, lokacin ni na daɗe da barin sana'ar.

Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, ku nemi Jummai. Barmani Choge kuwa matan aure ke aiko yara da kuɗi a ƙulle a gefen ɗankwali, a ce a ba su A Kama Sana'a Mata. A kan Musa Ɗanƙwairo ne kaɗai muka taɓa ja da Baffa. Na ce ai yaransa ma suna yi masa ƙari a waƙa, to wa ya haifi maganar? Ya harare ni ya ce gida ɗaya ne ya haife ta, in je in sake jin waƙar 'Yandoton Tsafe. Ku ma ku je ku ji.

Ina Gombe Baffa ya rasu. Bayan an ba su jiha a 1996 kasuwa ta buɗe can, daga baya ya tura ni in riƙe mana rumfa. Na zo aka yi jana'iza da sadakar uku, na koma da niyyar in dawo arba'in. Kafin in dawo Yaya ya kira 'yan gwangwan sun ɗauke akwatin da abin da ke ciki. Da na tambaya sai ya ce, “Kai ma ka sani zamanin CD ne, tarkace za mu ajiye?” Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma gado nake ja ba, na san ɗan ƙani ba ya gado ga ɗa namiji a tsaye. Amma ni na san abin da ke cikin akwatin nan, shi ko makullinsa bai taɓa riƙewa ba. Akwai ɗaukar bukukuwa a ciki da na bincika wajen masu tura waƙa a waya, Bauchi da Gombe, ban sake jin irinta ba. Muna gaisawa, 'ya'yansa 'ya'yana ne, amma da ya aiko mini ko da saƙon baki ne.

A na baya-bayan nan, wanda na tabbata Baffa zai karɓa shi ne Aminu Ala. Da fiyano yake, Baffa kuma bai son fiyano, amma ma'aunin ba na kayan kiɗa ba ne. Ala marubuci ne, shi ke tsara baitinsa, yana kiyaye amsa-amo irin na rubutacciyar waƙa, irin gadon da mu 'yan Bauchi muke tinƙaho da shi saboda Malam Sa'adu Zungur. Ku saurari Jami'a da Baubawan Burmi tun daga farko har ƙarshe, a zaune, ba guntun da ake yankowa a TikTok ba. Shi ya haifi maganarsa.

Rumfar Gombe ba ta kai labari ba bayan haka, memori ya zo ya kashe mu gaba ɗaya. A can ne dai na haɗu da mahaifiyarsu Abba, kuma Yayan nan shi ya karɓa mini aurenta. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.