Ashe hannu ma yana da nasa idon

A shekarar 1988 wata mata 'yar Sikotland da ke zaune a Italiya ta shiga wanka, ashe na'urar ɗumama ruwan gidan tana fitar da iskar nan mai guba, kabon monoksaid, irin dai wadda ke cikin hayaƙin janareto idan an kunna shi a ɗaki a rufe. Ta suma, Allah ya sa da sauran kwananta ta farfaɗo, amma ta tashi da wata lalura mai ban al'ajabi. Idonta lafiyarsa ƙalau, tana ganin launi, tana ganin motsi, sai dai siffar abu ce ta ɓace mata kwata-kwata, ka zana mata murabba'i ko da'ira ba za ta iya ce maka ga wannan ga wancan ba. Masu bincike sun sakaya sunanta, DF kawai suke kiranta.

To wasu malamai biyu, David Milner na Jami'ar St Andrews da Melvyn Goodale na Jami'ar Western Ontario a Kanada, suka gwada ta da wani abu mai sauƙi. Suka ajiye mata faifai mai doguwar tsaga kamar bakin asusu, wanda ake iya juyawa a tsaye ko a kwance ko a karkace. Aka ce ta faɗi ina tsagar ta fuskanta, sai kame-kame. Aka ba ta kati aka ce to zura shi ciki, wallahi sai ga hannunta ya juya daidai tun kafin ya isa, katin ya shige salin-alin. Haka idan aka ajiye mata ɗan katako aka ce ta nuna faɗinsa da yatsu ba ta iyawa, amma a ce ta ɗauka, yatsun sai su buɗe daidai girmansa. Ita da bakinta ba ta san siffar ba, hannunta ya sani.

Daga nan ne a 1992 suka fitar da bayanin da har yau ake koyarwa, cewa abin da ido ya ɗauko idan ya isa ƙeya, inda cibiyar gani take, sai ya rabu hanya biyu. Ɗaya ta gangara ta gefen kai wajen kunne, ita ce mai gane abu da sunansa, wannan kofi ne wancan fuskar yayata ce. Ɗayar kuma ta haura sama wajen tsakar kai, ita ba ruwanta da suna, aikinta ta auna nisa da kauri da karkata ta gaya wa hannu yadda zai miƙa. Ta ƙasan ce ta lalace a wajen DF, ta saman ta tsira. Masana dai har gobe suna jayayya kan iya rabuwar hanyoyin, don suna taimakon juna sosai, amma asalin maganar tana nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarinta shi ne wannan, idan aka nuna mata katakon aka ɗauke, aka jira 'yan daƙiƙoƙi aka ce ta kwaikwayi ɗauka, shikenan gwanintar ta tafi, yatsun sai su buɗe barkatai. Wato hanyar saman nan ba ta aiki da tunani ko kwatance, sai abu yana gabanka yanzu-yanzu, mai jiki, wanda za ka iya damƙa. To hoto fa? Hoto ba shi da kauri, ba shi da baya, ba inda za a kama. Ƙwaƙwalwa za ta gane shi ta ba shi suna, amma ba ta shirya masa hannu yadda take shirya wa abu na gaske.

Kuma wannan bambance hoto da abu na gaske koyonsa muke yi, ba da shi ake haifarmu ba. Duk mai jariri a gida ya taɓa ganin yadda yake yakushin fuskar waya ko zanen fure a jikin zani yana so ya tsinko shi. Judy DeLoache, wata mai binciken halayyar yara a Amurka, da abokan aikinta sun rubuta wannan a 1998, jarirai 'yan wata 9 suna shafa hoto suna ƙoƙarin ɗauko abin da ke ciki, amma zuwa wata 19 sun daina, sai dai su nuna da yatsa su yi gwaranci. Ba a Amurka kaɗai suka duba ba, har jariran ƙabilar Beng a Kwaddibuwa, nan maƙwabtanmu a Afirka ta Yamma, inda hotuna ba su yawaita ba, su ma haka suka riƙa yi.

Manya ma ba mu tsira ba. A 2010 masu bincike a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya suka sa mutane su yi tayin kayan ƙwalama da kuɗi na gaske, wasu an rubuta musu sunan abin, wasu an nuna musu hoto mai kyau, wasu kuma an ajiye musu shi a gabansu. Tsakanin suna da hoto kusan ba bambanci, amma waɗanda aka ajiye wa abin a gaba sun taya da ƙarin kashi 40 zuwa 61 cikin ɗari. Sai suka sa gilashin roba tsakanin mutum da abincin, yana ganinsa tar amma hannu ba zai kai ba, kawai sai ƙarin ya ɓace. Jacqueline Snow ta Jami'ar Nevada da ke Reno ta samu irin wannan da cokula, cokali na gaske ya fi hotonsa jan hankali, amma da an matsar da shi nesa ko an sa shamaki sai su zama ɗaya. Ita ce kuma a 2014 ta nuna mutane sun fi tuna abubuwan da suka gani a zahiri fiye da hotunansu.

'Yan Kantin Kwari ba su karanta wannan ba amma sun san shi sarai, shi ya sa kina tsayawa mai shago zai warware turmin atamfa ya ɗora miki a hannu yana cewa Hajiya taɓa ki ji, kaya ne masu kyau. Hoton da ya sa a WhatsApp ya kawo ki ƙofar shago ne kawai, cinikin a hannu yake faɗawa. Muna cewa gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ganin ma hawa-hawa ne.

Ni dai abin da ya sa na zauna rubuta wannan yara ne. Yanzu da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya, a ce ai yana koyon abubuwa, ga dabbobi ga haruffa ga Turanci, kuma ba zargin iyaye nake ba, uwa ta gaji ga girki ga wanki ga sana'a dole ta nemi sararawa. Amma a 2003 Patricia Kuhl a Jami'ar Washington ta kawo masu jin Sinanci suka yi wasa da jariran Amurkawa 'yan wata 9 har zama 12, jariran suka koyi bambance sautukan harshen, waɗanda kuma aka nuna wa mutanen nan dai a bidiyo ba su koyi komai ba. Murfin tukunya da ludayi da 'yar uwarsa da ke masa surutu sun fi waya yi wa ƙwaƙwalwarsa aiki a wannan shekarun, kuma kyauta ne.

Haka makarantunmu, abin yana min ciwo ƙwarai, yaro ya gama sakandare ya haddace zanen maganaɗisu a allo har ya ci jarabawa a kai amma bai taɓa jin yadda yake fizgar ƙusa daga hannunsa ba. Na san rashin kayan gwaji gaskiya ne, ba laifin malamai ba ne, sai dai akwai maganaɗisu a bayan kowace tsohuwar sifika da ke yashe a shagon mai gyaran rediyo, wake yana tsira a gwangwanin madara cikin 'yan kwanaki, mahauci kuma zai sayar maka da zuciyar akuya yara su ga ɗakunanta huɗu su zura yatsa a jijiyoyin.